Yajin Jegon Sumayya

Da hantsi aka kira Insifekta Sharhabil daga asibiti, wai ga gawar wata maijego likita ya hana a ɗauka. Sumayya sunanta. Haihuwar fari ce, ko arba'in ba ta yi ba. Wanka ta je gidan uwarta Uwani a Unguwar Kanawa, can ta yanke jiki ta faɗi.

Mijin, Nazifi, mai shagon atamfa a Malali, yana tsaye a baranda yana gaya wa duk mai kunne cewa surukarsa ce ta kashe masa mata da ruwan zafi da kunun kanwa. Ko gaisuwar rashi bai yi mata ba. Ita kuwa Uwani tana zaune a ƙasa da jariri a cinya. In aka tafi a kan maganarsa, to ta rasa 'ya, a ɗora mata kisa, a kuma raba ta da jikan.

Likita ya ja Insifekta gefe.

"Zuciya ce. Tun jiya da aka kawo ta muka ɗebi jini. Akwai maganin rage ƙiba a jikinta, irin mai kashe yunwa, kuma ba kaɗan ba."

"Shi wannan magani yana aiki ne ma?"

"Akwai wanda mukan ba mai ƙiba sosai, muna auna shi muna lura. Yakan ɗan ragu, in ya daina sha sau da yawa ƙibar ta dawo. Na ledar nan da ake talla a waya kuwa, Allah kaɗai ya san abin da aka zuba. Mai shayarwa dai ba a ba ta ko wanne."

Bayan an kai Sumayya makwancinta, Insifekta ya je gidan Uwani. Aka birkice ɗakin maijego, ƙarƙashin katifa, jaka, kayan jariri. Ko ƙwaya ɗaya babu.

"Mama, ko tana shan wani abu a ɓoye?"

"Ɗan nan, yarinyar nan ko maganin ciwon kai sai na tsaya a kanta."

"Abinci fa?"

"Ai shi ne. Da ta zo malmala biyu take tashi da ita. Sai cin ya ɗauke. Ba barci, hannu na rawa, ƙirji na bugawa. Na ce bakinta ne ya mutu, irin na masu jego. Sai na ƙara mata yaji."

"Yaji?"

"Shi ke buɗe baki mana. A farfesu, a gasasshen nama, a tuwo. In ta ƙi ci yau, gobe in ƙara."

Ta ɗauko masa wata farar roba mai murfi. Ya ɗan lasa, ya ji wani ɗaci can baya wanda ba na citta ba ne, ba na kanumfari ba. Ga kuma fari-fari a ciki.

"Ke kika daka?"

"Ina ni ina daka shi? Daga dangin miji ya zo."

Ya ɗebi kaɗan ya aika a auna, ya nufi Mando wurin Hasiya, gwaggon Nazifi. Tsohuwa ce mai baki.

"Ni na daka, Yallaɓai. Tun kana rarrafe nake daka yajin jego, ba wadda ta taɓa ko zawo."

Ya ajiye mata robar. Ta juya ta, ta buɗe, ta shinshina.

"Wannan ba mazubina ba ne. Ni a gwangwanin madara na zuba, na ɗaure baki da leda. Kuma nawa ja ne wur. Wa ya sa masa fari?"

"Wa kika ba ya kai?"

Ta dubi ƙasa.

"Yaron nan Nazifi ya ce zai kai da kansa. Har na yi masa tsiya, na ce yaushe maza suka fara kai yaji gidan surukai."

Sakamako ya fito, maganin ne dakakke a cikin yajin. Aka gayyato Nazifi ofis, ya shigo yana share ido da bakin hula.

"Yadda Gwaggo ta ba ni haka na miƙa, Yallaɓai. Ko buɗewa ban yi ba."

"A me ta ba ka?"

"A gwangwani."

"A gwangwanin ka miƙa?"

"Ƙwarai."

Insifekta ya ɗora farar robar a tebur. Sai ya yafito Sajan Lawan, wanda ya tura binciken gidan Malali. Sajan ya jera abin da ya samo a bayan buhun shinkafa: gwangwanin madara da sauran jan yaji a gindinsa, ƙaramin turmi, da ledojin magani da aka farke, babu suna babu lamba.

Nazifi ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Ni ma na sha shi bara. Na rame, kowa na yaba ni."

Insifekta ya dubi tumbin da ya turo rigar. "Ya tsaya a haka?"

"Ya dawo."

"Amma ka ba matarka."

"Ta yi ƙiba da cikin nan. Na ce ta sha, ta ce tana shayarwa. Na san in ta gama arba'in a gidansu ninki biyu za a dawo min da ita. Wallahi na ɗauka barbaɗawa ake yi, kamar a tsire. Ban san da cokali ake zuba wa maijego ba."

"Da ta faɗi kuma sai ka nuna uwarta."

Sajan ya sa wa Nazifi ankwa, ya tasa shi gaba. A bakin kantar 'yan sanda suka wuce Uwani, ta zo da jariri goye. Nazifi ya buɗe baki kamar zai yi magana, ta kau da kai.

Insifekta ya fito ya same ta.

"Mama, babu laifinki. Likita ya duba yaron, lafiyarsa ƙalau. Ki tafi da jikanki."

Ta gyaɗa kai, amma ba ta motsa ba.

"Ɗan nan, da ban riƙa ƙarawa ba fa? Da tana nan?"

"Ban sani ba, Mama. Sai dai in tambayi likita."

Ta ja majanyi ta ƙara ɗaure goyon.

"Kada ka tambaye shi."