Shanun Gidan Hamma

Ku gyara zama, 'ya'yan nan, wannan ba labarin dariya ba ne.

Zamanin da alƙalai ke shari'a kan buzu, an yi wani mai sayar da igiya a Babura, sunansa Falalu. Kakansa Haladu Maikasuwa ake ce masa, amma har ya mutu ba wanda ya ji sunan ubansa daga bakinsa. Abin bai dami Falalu ba sai da labari ya zo cewa akwai wani garke a Gwiwa, ya yi shekara hamsin hannun makiyaya ba mai shi, ana cigiyar magadan wani Haladu ɗan Hamma.

Matarsa Batulu ta ce, "Maigida, Haladu nawa ne a duniya? 'Ya'yanmu uku suna cin tuwo, me ka rasa?"

Bai saurare ta ba. Ya tuna fuskar kakansa: ƙarƙashin tsagarsa akwai wata tsohuwar tsaga da aka turmushe. Ya bi gidajen wanzamai gari gari, har ya dace da Sama'ilu, wani tsohon wanzami a Roni.

Tsohon ya daɗe yana duban kuncinsa, sannan ya ce, "Irin tsagar da mahaifina ya yi wa kakanka ce wannan. Zauna, yaro, ka ji, sannan ka koma gida."

Ya ce Haladu makiyayin haya ne da ya gaji da bin shanun mutane. Rana tsaka ya hau duwatsun Roni, ya shiga kogon wani boka. Ciki ƙarnin jini, ga ƙahonni jere, ga wani tulu an ɗaure bakinsa da fatar baƙin bunsuru, igiyar wuri ta zagaye wuyansa. Ba iska, amma fatar tana motsi kamar mai numfashi.

Boka ya ce, "Na cikin tulun nan makaho ne, suna yake bi. Sunkuya ka faɗa masa naka da na ubanka."

"Me zai ci? Ina iya kawo rago duk shekara."

"Ya ƙoshi da rago. Duk mai amsa sunan gidan Hamma nasa ne."

"Har yaushe?"

"Shanu kake so ko tambaya?"

Haladu ya sunkuya.

Cikin damina uku shanunsa suka cika fadama. Daga nan ƙaninsa ya faɗi a bakin rijiya bai tashi ba. 'Ya'yan Haladu biyu suka bi a mako guda. Matarsa ta shiga kiran maruƙa da sunayen 'ya'yanta. Haladu ya saɓa ɗansa guda da ya rage, ya zo wurin mahaifin Sama'ilu aka sake musu tsaga, ya yar da sunan ubansa, ya bar shanun.

Sama'ilu ya ce, "Talaucin da ka gada, shi ya raya ku. Kada ka furta sunan nan."

Falalu ya ce, "Baba, shanun za su kai nawa yanzu?"

Gaban alƙali a Kazaure ya miƙe ya ce shi ne Falalu ɗan Abu ɗan Haladu ɗan Hamma. Aka tambayi zuriyarsa, ya jero sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Aka bi diddigin tsagarsa, aka ji shaidu, aka ba shi garke. Maroƙa suka raka shi har gida suna kirarin magajin Hamma, a kasuwar Babura ma sunan ya bi shi.

Kafin gero ya nuna aka binne babban ɗansa. Na biyu ya kwanta lafiya da azahar, la'asar ta yi ba shi. Batulu ta daina magana, sai dariya.

Falalu ya goya autarsa har Roni, ya zube gaban Sama'ilu. "Baba, ɗauko aska. Sake mana tsaga, mu bar ƙasar."

Tsohon ya ce, "Kakanka a kogo ya faɗa, mutum ɗaya ya ji. Kai ka faɗa wa maroƙa. Bakin wa zan yi wa aska?"

Falalu ya sauke yarinyar daga bayansa, ya tarar ta riga ta yi sanyi.

To, 'ya'yan nan, neman asali ba laifi ba ne. Amma in kun ga tsoho ya tsere wa dukiyarsa ya rungumi talauci, kada kwaɗayi ya kai ku ɗaukar abin da ya yar.