Ranar da Kwamfutar Baba Ta Ƙi Tashi

Da sauri ya faɗo shagon gyaran kwamfuta, rungume da laftof. Mai shagon ba ya nan, sai 'yarsa a bayan teburi tana kwance wata 'yar fanka. Da ta ɗago kai, sai ya manta abin da ya kawo shi.

"Malam, kwamfutar ce ba lafiya ko kai?"

Ya sosa ƙeya. Shi likitan dabbobi ne, laftof ɗin kuma ta mahaifinsa ce. Ya saka mata manhajar Linux a gefen ta Windows saboda aikinsa, garin share-share ya goge abin da bai sani ba. Yanzu in an kunna, shafin da ake zaɓar wanda za a shiga ba ya fitowa, sai baƙin allo. Ga hotunan marigayiya mahaifiyarsa duk a ciki.

"Ba ta tambaye ka ko ka tabbata ba?"

"Ta tambaya. Na danna eh ban karanta ba."

Ta ƙunshe dariya, ta soka filasha, ta tayar da kwamfutar ta nan, ta leƙa cikin faifan ajiyarta. "Kwantar da hankalinka, hotunan suna nan. Hanyar shiga ce ta toshe." Ta sake ɗora shafin zaɓin, ta sa ya nemo ɓangarorin biyu, Linux da Windows. Da fuskar mahaifiyarsa ta bayyana, idonsa ya ciko. Ta juya tana tattara sukurori, ta bar shi ya share.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Injiniyata, kwamfuta ta warke, mai kawo ta ya kamu."

Ta mayar: "Likitan Kaji, wannan ciwon ba a shagonmu ake gyara shi ba. Amma kawo shi mu duba."

Soyayya ta yi nisa, har maganar ta kai ga mahaifinta. Ya girgiza kai. "Mutumin da ke danna eh bai karanta ba, shi zan damƙa wa 'yata? Ga ɗan abokina mai shagon wayoyi, yaro mai natsuwa."

Daga nan Likita ya ɗauke ƙafa, saƙonninsa suka ragu. Ta rubuta masa da hawaye: "In ka haƙura da ni, ka faɗa min."

"Sanyin idona, karatu nake yi. Ki ƙara min haƙuri kaɗan."

Ran nan sai ga shi a shago. Ya durƙusa ya gaishe da dattijon. "Baba, a gwada ni."

Dattijon ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta, ya lalata shafin zaɓinta da gangan, ya tura masa. Likita ya zauna yana gumi, yana karanta kowane layi da ƙarfi. Da kwamfutar ta tambaye shi ko a goge faifan duka, ya janye hannu kamar ya ga maciji, ya zaɓi a'a. Can sai ga sunaye biyu reras a allo.

Dattijon ya tuntsire da dariya. "Tashi, ɗana. Turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure gidan ya cika maƙil. Mahaifin ango ya kama hannun amarya. "Da surukarki na raye, da ta fi kowa murna yau. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Kowa ya ce amin, muryar ango ta fi ta kowa fitowa.