Kwantaccen Cikin Saude

"Saude, ki faɗa min laifina!"

Mijina Hamma ne tsaye a ƙofar ɗakina, hantsi ya dubi ludayi amma ko shanun bai kora ba. Na ci gaba da kaɗa nono kamar ban ji ba.

Me zan ce masa? Shekara ashirin da shida muna tare a gefen duwatsun Roni, yau wata bakwai ina gudun shimfiɗarsa. Jini ya ɗauke min. Gumi ya yi ta karyo min ko da sanyin safiya. Ina son mutumin nan, amma jikina ya mutu murus, wallahi har haushin kaina nake ji!

Yayarsa Ma'u ta leƙo ta kan danga, uwar iyayi.

"Ta ƙoshi da kai ne! Ka sallame ta ka huta!"

Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Ciki ne da ni... kwantacce."

Ai kuwa Hamma ya washe baki! Ni ma na fara yarda da zancen, tunda mata sun sha cewa ciki kan kwanta shekara da shekaru. Ranar kasuwar Gwiwa ya ɗora ni a jaki, sai gidan ungozoma Dela, wai ta ba ni saiwar da za ta tayar da cikin.

Dela ta mammatsa marata, ta yi min tambayoyi, ta girgiza kai.

"Babu komai a nan, 'yar nan. Girma ne ya zo. Jini ya yi sallama, sha'awa ta ja baya. Ni ma na bi ta nan."

Na fashe da kuka. Shi ke nan, Ma'u ta yi nasara!

Ashe Hamma yana jikin zana, ya ji komai. Na fito kaina a ƙasa.

"Malam, ka yafe min..."

"Ashe ba ƙina kike ba?" Ya matso kusa da ni. "Haba sanyin idona! Wata bakwai ina cin tuwo ba ya wucewa, kin kasa buɗe baki?"

"Kunya ce. Kuma wataƙila ba zan koma yadda nake dā ba."

Ya shafa gemunsa, ya gyara wa jakin akumari.

"To wannan furfurar baƙa za ta koma? Hau mu tafi gida."