Wadda Aka Ɗaure a Kujerar Baya

Almuru ya fara sauka a kan Gyadi-Gyadi lokacin da suka baro gidan suna. Hasken rana ya ƙare, duhu bai gama zuwa ba, masu adaidaita sahu kowa na sauri kamar ana korarsa. Alhaji Maje ne ke tuƙi, matarsa Umma a gefensa. A baya, babbar 'yarsu Saudatu ce a jikin ƙofar hagu tana danna waya, ƙanwarta Hafsah a tsakiya, sai autansu Haruna, ɗan shekara uku, a tsaye kan kujera yana dukan gilashi da tafin hannu.

Ba wanda ya sa bel ɗin kujera. A motar nan ba a sa bel, amma kowane bel a ɗaure yake. Tun da aka kawo ta daga Kwatano take damun Baba da ƙara, ƙit, ƙit, ƙit, shi kuma ya rantse ba igiyar da za ta yamutsa masa bugun shadda. Sai ya bi kujerun ɗaya bayan ɗaya ya soke kowane bel a raminsa, mutane suka riƙa zama a kai. Mota ta yi shiru. Kujerar yara da aka tarar a but kuwa, bayan kicin aka jefar da ita, kaji suna kwana a ciki.

Baba ya karya kwanar da za ta kai su Tarauni, Hafsah ta ji ƙwas. Iska ta bugi fuskarta. Ƙofar dama a buɗe, hannun Haruna a kan mariƙi, rabin jikinsa a waje. Ba ta san lokacin da ta damƙi wuyan rigarsa ba. Baba ya taka birki har goshin Umma ya bugi gilashi.

A cikin shirun da ya biyo baya Hafsah ta ji wani abu. Kukan jariri ne, siriri, can baya a bakin kwata. Ta dubi Haruna. Dariya yake yi.

"Ke uban me kike yi a zaune?" Baba ya daka mata tsawa. "Ƙatuwar banza, yaro ɗaya ba za ki iya riƙewa ba?"

"Baba, ba ka ji kuka ba?"

"Rufe min baki."

Ya fita ya maida ƙofar da ƙarfi, suka wuce. Kukan ya bi su har ƙofar gida.

Washegari da magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi. Umma ta leƙa ta zagi yaran unguwa. Ba yaro ko ɗaya a layin. Na biyu ya faɗo, na uku ya fasa tulun da ke gindin darbejiya. Daga nan kullum ne. Rana tana faɗuwa kaji su yi tsit, iska ta tsaya, sai duwatsu. Motar kuma, a kashe, mukulli a aljihun Baba, makullan ƙofofinta su riƙa tashi suna sauka, ƙwas, ƙwas, kamar mai cizon haƙora.

Maƙwabciyarsu Maman Favour, malamar firamare 'yar Kafanchan, ta shigo da duwatsu cike da bokiti ta ajiye gaban Umma. "Maman Saudatu, naku ne, a tsakar gidana na tsinta. Ki taɓa ki ji. Zafi gare su."

Baba ya ce wayar motar ce ta haɗu, duwatsu kuma aikin mahassada ne. Wanda ya sake kawo masa zancen aljanu sai ya ci mutuncinsa.

Sai Saudatu ta daina cin abinci. Ta daina taɓa waya, wanda shi ya fi ba Hafsah tsoro. Wata safiya tana canza riga Hafsah ta ga shati a bayanta, baƙi, mai faɗin yatsu uku, ya taso daga kafaɗa ya gangara ƙugu. Da magaribar ranar aka nemi Haruna aka rasa. Hafsah ce ta same su a jikin mota. Saudatu ta riƙe hannunsa, ta buɗe ƙofar dama.

"Yaya, ina za ki kai shi?"

Saudatu ta juyo a hankali. Idonta a buɗe, amma ba Hafsah take kallo ba.

"Yawo," ta ce, da muryar tsohuwar da ta kwana tana kuka. "Shi ma ya je ya ga inda nawa ya sauka."

Hafsah ta fizge yaron ta ruga ɗaki tana ihu. Wannan karon Baba bai ce waya ce ta haɗu ba. Shi da kansa ya tafi Daurawa ya ɗauko Malam Isyaku mai ruƙiyya, wani siririn dattijo da ba ya ɗaga murya.

Malam ya iso a kan babur ɗinsa bayan la'asar sakaliya. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Umma ta riƙe kafaɗun Saudatu, ya fara karatu. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe su. Can Saudatu ta sandare, ta jingina da iska kamar mai zaune a kujera, hannuwanta a rungume da abin da babu.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Tambayi mai gida. Shi ya ba ni wurin zama."

"Ƙarya kike yi!" Baba ya zabura. "Ni ban san ki ba!"

Ta yi wata dariya mara daɗi. "Ka gyara kujera, ka ɗaura mata ɗamara, ba kowa a ciki. Wa ka ɗaura wa? Na zo wucewa da ɗana na ga wuri, na shige. Ashe tarko ne. Ko sau ɗaya ba ka kwance ba. 'Yarka tana zama a kaina, tana danna min ƙirji. Bakinta kawai na ara, ni ina can a ɗaure."

"Ba da izini kika shiga ba," Malam ya ce. "Ina ɗan naki?"

Muryar ta karye, sannan ta dawo da zafi. Ta juyar da kan Saudatu wajen Umma. "Na ga wannan tana rungume nata a cinya in za ku fita, na ce haka ake yi. Ni ma na rungume nawa. Ƙofa ta buɗe, mota ta jefa mu gefe, ya suɓuce. Ni igiya ta riƙe ni. Shi wa ya riƙe shi? Yana can bakin kwata yana kirana, ina jin sa. 'Yan'uwana suna jifan ku don ku ji, kun toshe kunne. To nawa ya faɗi ta ƙofar nan, naku ma sai ya faɗi."

Umma ta fashe da kuka. Hafsah ta ƙanƙame Haruna har ya ce ta sake shi.

Malam ya koma karatu, ya daɗe, Saudatu tana murɗewa tana zagin duk wanda ke gidan da sunansa. Da ta gaji ya tsaya.

"Yaron nan ba naki ba ne, ba kuma za ki same shi ba. Za a kai ki wajen ɗanki a kwance ki. Iyakar abin da za ki samu ke nan."

Baba ya riga ya nufi motar. "Bari in kwance shegiya yanzu ta tafi!"

"Alhaji, tsaya. In ka kwance ta a nan, a tsakar gidanka ka sake ta, ga yaro."

Aljanar ta ce, "Na yarda. Amma duk wanda ke cikin motar ran nan ya shiga. A zauna yadda aka zauna."

Malam ya dube ta. "Za su shiga. Yadda za su zauna kuwa, ba ke za ki faɗa ba."

Hafsah ba ta jira an aike ta ba. Ta zagaya bayan kicin ta kori kaji, ta jawo kujerar yaran nan, ta watsa mata ruwa ta goge kashin kaji da tsohon ɗankwali, ta leƙa katanga ta ƙwala wa Maman Favour kira. Ita ce Baba ke wa dariya kullum, wai tana ɗaure 'yarta kamar akuyar da za a kai kasuwa. Matar ta shigo ta karɓi kujerar ta sa a jikin ƙofar dama. Ta zura bel ta bayan kujerar ta danne da gwiwa har ta daina motsi, ta zaunar da Haruna, ta ja igiyoyin kafaɗa sai da suka kama ƙirjinsa. Sannan ta buɗe ƙofar, ta nuna wa Hafsah wani ɗan maɓalli a kaurin ƙofar, wurin da ba a gani sai an buɗe.

"Tura shi ƙasa. Yanzu ko giwa ce a ciki, sai an buɗe mata ta waje."

Suka yi wa ɗaya ƙofar ma. Umma da Hafsah suka ciro nasu bel ɗin daga baya suka sa. Na Saudatu aka bar shi yadda yake.

Ana kiran magariba suka fita, Baba yana tafiya a hankali, fitilar babur ɗin Malam a bayansu. Haruna yana ta mita an matse shi.

Suna dosar kwanar kukan jaririn ya taso. Wannan karon kowa ya ji. Hannun Saudatu ya miƙe ta gaban Hafsah, ya yi tsawon da hannun mutum ba ya yi, ya kama mariƙin ƙofar dama ya ja. Ƙwas. Ya sake ja. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ƙofar ba ta motsa ba.

"Munafukai!" ta kurma ihu. Yatsun suka koma kan ƙirjin Haruna suna laluben jan maɓallin da ke riƙe da igiyoyin. Hafsah ta kife tafinta a kai, ta gantsara wa hannun cizo, ta ƙi saki. Sanyi ne da shi kamar ƙarfe.

"Baba, tsaya! Tsaya mana!"

Ya tsaya. Malam ya riga ya sauka, ya buɗe ƙofar hagu ta waje, ya yi bisimilla, ya zura hannu bayan Saudatu ya danna maɓallin bel ɗin. Bel ɗin ya zuge da gudu ya bugi ƙarfe. Wata iska mai ɗumi ta fita ta gefensa, ta tsallaka titi, ta kwantar da ciyayin bakin kwata. Kukan ya ƙaru sau ɗaya, sannan ya koma irin shessheƙar yaron da aka ɗauka.

Bakin Saudatu ya motsa na ƙarshe, muryar tana nisa. "Gidanku na bar muku. Titi ba na kowa ba ne. Ranar da na gan shi a sake, ba zan yi sallama ba."

Saudatu ta zube a kafaɗar Hafsah, ta buɗe ido ta ce wa ya cije ta.

Baba ya tada mota. Ƙit, ƙit, ƙit. Saudatu ta jawo bel ɗinta ta sa, ƙarar ta ɗauke. Sun ɗan taɓa tafiya Hafsah ta lura da baƙar igiyar da ta bi ta bayan babbar rigar Baba, a soke a raminta tun ranar da motar ta zo.

"Baba," ta ce, "kai wa ka ɗaure a bayanka?"

Baba ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya fita, ya bar ƙofarsa a buɗe, ya yi bisimilla da muryar da Hafsah ba ta taɓa ji a bakinsa ba, ya danna maɓallin bel ɗinsa, ya ja da baya ya ba da hanya. Ya daɗe a tsaye a cikin duhun. Da ya dawo ya zauna, sai ya jawo bel ɗin ta kan shaddar, ta yamutse tun daga kafaɗa har ƙugu, ya soke shi.