Tsinken Tabawa da Tandar Minti Tara

Injiniya Mantau ya san naman bai gasu ba. Ya sani sarai, kuma ya ce a raba wa marasa lafiya.

A shekarar 2094, babban asibitin Birnin Ruwan Ɗorawa ba shi da madafa irin ta da. Tanda guda ce, doguwa kamar taragon jirgi, ana kiranta Gasau. Ƙirjin kaza yana shiga ta wannan baki, ya fito ta wancan, hannayen ƙarfe su zuba a kwanuka, kekuna masu tuƙa kansu su kai wa gadaje dubu uku. Gasau tana da idon gilashi. In ta ga nama ya yi ja, sai ta ce ya gasu.

Abu ɗaya doka ta bar wa ɗan Adam: kwano ba ya fita sai shugabar madafa ta dangwala yatsa. Shugabar ita ce Tabawa, wadda ta shekara talatin a bakin wuta.

Asali zafin Gasau digiri ɗari biyu ne, nama ya yi minti ashirin da biyu a ciki. Amma Mantau, wanda ya ƙera ta, ya gayyato baƙi daga birane bakwai su ga tandar da ta fi kowace sauri a duniya. Sai ya kai wutar ɗari uku da ashirin, ya mayar da lokacin minti tara. Duk wadda ta taɓa gashi ta san abin da zai biyo baya: waje ja, ciki ɗanye. Idon gilashi kuwa waje kaɗai yake gani.

Da tiren farko ya fito, baƙi suka yi tafi. Tabawa ba ta yi ba. Ta zaro tsohon tsinkenta na awon zafi, ta soka a inda naman ya fi kauri. Hamsin da shida.

"Injiniya, zo ka karanta."

"Gwaggo, dangwala mu wuce. Gasau ta ce ya gasu."

"Gasau ba ta da hanji, ba ita za ta yi gudawa ba. Sai tsakiyar nama ta kai saba'in da huɗu ƙwayar cuta ke mutuwa. Kai ka rubuta haka a jikin tandar."

Ya matso, ya rage murya. "Na gani. Yau kaɗai ne. Mutane suna kallo."

"A ɗaki na shida akwai waɗanda aka yi wa tiyata jiya. Su ma yau kaɗai ne?"

"Ki dangwala, ko ki ajiye rigar aiki."

Tabawa ta cire rigar, ta ninke, ta ɗora masa a hannu. "Riga taka ce. Yatsa nawa ne."

Sannan ta ɗauki wuƙa ta tsaga ƙirji ɗaya. Ruwa mai jaja-jaja ya gangaro. Ta miƙa masa a gaban kowa.

"Tunda ya gasu, bismilla. Mai tanda shi ke fara ci."

Mantau ya dubi baƙi, ya dubi naman. Girman kai ya hana shi faɗin kalma uku, na yi kuskure. Ya yi dariya, ya cinye tas, har ya ƙara na biyu. Duk da haka Tabawa ta rungume hannu, kekuna suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Sai da babban likita ya sauko ya ce a mayar da wutar da lokacin yadda suke a da, ya sa aka mayar mata da rigarta. Marasa lafiya suka ci abincin rana a makare, amma gasasshe.

Kwana biyu bayan haka aka kwantar da Mantau a ɗaki na tara, ana ƙara masa ruwa. Da ya fara iya cin abinci, Tabawa da kanta ta kai masa kwano, ta soka tsinke a gabansa.

"Saba'in da huɗu. Ci, Injiniya. Ni ba na ramuwa da abinci."

Gasau tana adana duk maganar da aka yi kusa da ita, domin Mantau da kansa ya ƙera ta haka. Hukumar birni ta saurari "Na gani" da muryarsa. Aka ƙwace lasisinsa har abada, aka kankare sunansa daga jikin tandar, aka ɗaure shi shekara uku.