Ramin Kwaltar Baba

"Ke kika kai shi ramin?"

Baba bai ɗaga murya ba, kuma da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Ɗan baffana na tsaye a bayansa, ya wani sunkuyar da kai kamar ba shi ya kawo tsegumin ba. Tun ranar da na ce ba na son sa yake jiran wannan rana.

"Ni ce, Baba..."

Ramin yana ƙarshen tsibirinmu, cikin ciyayi. Wani baƙin abu mai danƙo da muke kira kwalta ke tsattsafowa daga ƙasa, da shi Baba ke liƙe jiragen masuntan wannan gaɓa da na waccan. Ƙasashe biyu sun sa mu a tsakiya, amma shekara da shekaru babu wadda ta san da zamanmu.

Ana nan sai ga wani Injiniya daga tsallake, yana yi wa wani kamfanin waje awon ƙasa. Ni nake tuƙa shi a jirgi. Ƙato guda, amma ya riƙe gefen jirgi ƙam, ni kuwa dariya har da hawaye.

"'Yar jirgi, in kika kifar da ni, ke za ki aure ni a lahira."

"A duniyar ma wa ya ce zan yarda?"

Na kuwa yarda. Iyayensa suka ce 'yar tsibiri ba ta da ƙasa, ya tsaya kai da fata har ya sa mini zobe.

Son burgewa ne ya ja ni. Kullum shi ke nuna mini abin da ban sani ba, na ce yau nawa ne. Na kai shi ramin, ya durƙusa, ya shinshina, ya ɗiba a kwalba.

"Masoyiyata, man fetur ne a ƙarƙashinku. Asibiti ne wannan, makaranta ce."

"Sirrin Baba ne. Kada ka faɗa wa kowa."

Ya yi shiru. Na ji shirun sarai, na yi kamar ban ji ba.

Wata biyu aka yi, kowace ƙasa ta tuna tsibirin nata ne. Sojoji suka zo, aka ba mu kwana uku mu tashi.

Ranar tafiya na same shi a tsakiyar gadar da ta haɗa ƙasashen biyu, waya mai ƙaya a tsakaninmu.

"Wallahi alheri na nufa, 'Yar jirgi."

"Na sani."

"Ki tsallako. Zan samo miki takarda... don Allah."

Na waiwaya. Baba na zaune a bayan babbar mota, ya rungume gwangwanin kwaltarsa ta ƙarshe.

Na zare zoben, na miƙa masa ta cikin wayar.

Inda aka zaunar da mu yanzu ko rafi babu. Kowace safiya Baba yakan buɗe gwangwanin, ya shinshina, ya rufe. Bai taɓa zagina ba. Ni kuma har yau na kasa tsanar Injiniya, kuma wannan ne ya fi komai ci mini rai.