Cikin da Aka Ce Ba Na Amos Ba Ne

Rana tsaka Istifanus ya watso kayan Esta ƙofar gida, a unguwar Zangon Damagaram: tabarma, ƙwarya biyu, da ɗan Littafi Mai Tsarki da mijinta ya bari. Ita kuwa tana durƙushe cikin rairayi mai zafi, ta riƙe cikinta da hannu ɗaya, hawaye na zuba kamar an ɓalle randa!

"Yaya, ka dubi Allah! Kai ka buɗe masa ƙofa ranar da ya zo, kai ka ba shi rigarka ya sake..."

"Rufe mini baki!" Istifanus ya daka mata tsawa. "Ƙanena ya tafi Agadas tun bazara, can ya mutu. Ki kai wa mai cikin kayansa!"

Wayyo marainiya! Esta ba ta san uwa ba, ba ta san uba ba, matan ikilisiya ne suka raine ta hannu zuwa hannu har Amos magini ya aure ta. Da ya samu aikin gini a Agadas a shekarar 1958, sai ya bar ta wurin wansa Istifanus, dattijo a majami'a, a gidan da suka gada su biyu. Cikin damina Amos ya biyo kamiyon da ya zo ɗaukar siminti, ya iso ana tafka ruwa, unguwa duk an shige ɗaki. Ya kwana, da sassafe kamiyon ya juya da shi. Ba wanda ya gan shi sai Istifanus da matarsa Saratu. Kaka na yi, labari ya zo zazzaɓi ya kashe shi. Da ciki ya fito, Istifanus ya duba ya ga in aka haifi ɗa, rabin gida da rabin gonar hanyar Zermu sun fita daga hannunsa. Shi ke nan ya ce bai ga kowa ba. Saratu kuwa da pasto ya tambaye ta, ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai, ta ce ita barci take yi.

Aka hana Esta cin jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a majami'a. Matan da suka goye ta tana jaririya suka riƙa juya baya in sun hango ta. Ta kwankwasa gida uku, kowa ya ce maigida ba ya nan. Ƙarshenta a bakin kasuwa jiri ya kayar da ita, kusa da kaskon wata tsohuwa Babarbariya mai suyar ƙosai, ana kiranta Ya Kellu. Tsohuwar ta yayyafa mata ruwa, ta ji labarinta, ta ce, "Tashi 'yata. Ni Musulma ce, ɗakina ɗaya ne, amma zai ɗauke mu."

Can ma wahala ba ta ƙyale ta ba. Masu saye suka ragu, wai ba za su ci ƙosan da mai cikin shege ta daka wakensa ba. Yara na bin ta da waƙa in ta je rijiya. Abinci ya ƙi shiga, barci ya ƙaura, ta rame sai ciki. Abin da ya fi cinta ba yunwa ba ce, zuciya ce: kullum tana tafasa, kullum tana shirya maganganun da za ta yaɓa wa Istifanus. Addu'a ma ta gagare ta.

Wata safiya tana surfen wake sai ta yar da taɓarya, ta fashe da kuka. "Ya Kellu, Allah ya manta da ni! Wallahi ya manta..."

"Subhanallahi! Kada ki ƙara. Wannan littafin da kike kwana da shi a ƙirji, ba abin da ya ce a kan irinki? Ni ban iya karatu ba. Buɗe ki karanta mini."

Esta ta buɗe inda Amos ya fi so, shafukan har sun yi baƙi da yatsunsa na magini. Karatunta na lakwal, wato makarantar boko, bai yi nisa ba, tana yi tana tuntuɓe. Maganar annabi Ishaya ce ga mutanen da za a kora daga garinsu, su zauna cikin baƙi suna cewa Ubangiji ya yashe su. Tun kafin korar ta zo aka faɗa musu amsar: ko da mai shayarwa za ta manta da jaririnta, shi ba zai manta da su ba. Ta ci gaba, ta tarar da inda aka yi wa gwauruwa alkawarin za a share mata kunyarta.

"Kin ji?" in ji tsohuwar. "Kafin a kore ki, an riga an san za a kore ki. To wa ya ɗora miki shari'ar? Ajiye wa Allah kayansa."

Esta ta durƙusa gefen turmi. "Ya Uba, na gaji da ɗauka. Ka san ranar da Amos ya zo, kai ka aiko ruwan. Ko ka wanke ni a idon mutane, ko ba ka wanke ni ba, ni taka ce. Na bar maka Istifanus."

Ba abin da ya sake a waje. Yara na nan da waƙarsu, ciniki na nan jiya i yau. Amma daga ranar ta ci tuwo ta ƙoshi, ta yi barci har da minshari, Ya Kellu na yi mata dariya. Ran Lahadi ta wanke zanenta, ta je ta zauna a gindin bishiyar bedi bayan tagar majami'a, tana bin waƙa a hankali, a tashi ta tashi. Haka ta yi ta yi. Da bazara ta haihu bayan naƙuda mai tsanani, namiji. Ta sa masa Imanuwel, domin annabin ya ce ma'anarsa Allah na tare da mu.

Yaro ya fara tafiya daidai lokacin da gari ya ɗauki zancen mulkin kai, kowa na cewa Faransa za ta miƙa ƙasa. Wata rana Saratu ta biyo ta bakin kasuwa, ba ta ankara ba sai ta ji an kama mata zane. Ta duba ƙasa... goshin Amos, kunnuwan Amos, har ɗage girar da yake yi in yana duban bango! Ta ɗago, ga Esta gaban kasko. Ta jira zagi.

"Sannu Yaya Saratu, ina gajiya? Kin rame, ko ba lafiya?" Esta ta ƙunsa ƙosai mai zafi ta miƙa mata. "Ki kai wa yara."

"Esta... ba ki jin haushina?"

"Na ji da, har ya kusa kashe ni. Yanzu kam babu."

Saratu ta tafi tana kuka a titi kamar ƙaramar yarinya.

Lahadin da ta biyo bikin 'yancin kai, majami'a ta cika maƙil ana godiya, Istifanus na gaba cikin sabuwar riga. Pasto ya ce ko akwai mai shaida. Saratu ta miƙe.

"Jama'a, na yi ƙarya a ɗakin Allah! Amos ya zo da damina, ni na dafa masa shayi, ni na shanya rigarsa. Mijina ya ce in na faɗa zai sake ni. Ya sake ni ɗin! Yarinyar nan tana bayan taga, shekara biyu tana bayan taga..."

Sai kuka ya ɓarke a majami'a. A take aka sauke Istifanus daga dattijantaka, mai unguwa kuma ya raba gida da gona ya ba Imanuwel rabon ubansa. Kunya ta hana Istifanus zaman gari, ya tattara ya koma bukkar gona, ba mai gaishe shi in ya shigo kasuwa.

Ranar Lahadin nan kuwa pasto da kansa ya fita, tsoffin matan da suka juya mata baya na biye suna share hawaye. Suka iske ta gindin bedi tana ba yaro nono.

"Ki gafarta mana, 'yata," in ji pasto. "Shigo."

Esta ta goya ɗanta, ta gyara ɗankwali. "Na yafe tuntuni, Baba. Abu ɗaya nake roƙo: a taya ni gyara ɗakin gabas na gidan Amos. Ya Kellu ta tsufa da suya, gidana za ta koma."

Allah ya ba masu haƙuri irin wannan rana, amin.